Ranar da Bature Ya Durƙusa wa Taubashinsa

A Maska idan ka ce Bature sai an tambaye ka wanne, domin duk gidan da aka haifi yaro ranar Talata, ko aka ga fatarsa ta ɗan yi haske, sai a laƙa masa sunan. Wanda nake nufi shi ne na bayan masallacin Juma'a, baƙi wuluk kamar gindin tukunya, Talatar ce kawai ta cece shi. Jikan yayata ne. Ni ce autar ɗakinmu, shi ya sa na zama kakarsa tun ban shirya tsufa ba, kuma tun yana cikin tsumma nake kiransa mijina. Miji ne da bai taɓa yi mini cefane ba, amma har yau ban kai ƙara ba.

Tun yana ƙarami Bature ba ya taɓa abu sai ya hango ƙarshensa. In aka aike shi sayen gishiri sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi abin da zai yi idan ya tarar an rufe shagon, da abin da zai yi idan mai shagon ya tafi salla. Kafin ya gama tambaya miya ta ƙone. Ya yi sakandare a Funtua, ya dawo gonar ubansa, masara da waken suya da ɗan wake a gefe. Da rani kuma ya hau babur ya yi acaɓa tsakanin Maska da Funtua. Fasinjojinsa ba su taɓa faɗuwa ba, ba su kuma taɓa isa da wuri ba. Ya auri Maijidda, yarinya mai hankali wadda ba ta da laifi sai na yarda da shi, suka sami 'yarsu Kausar da ƙannenta.

Ba a ba da labarin Bature a bar Shitu. Shitu ɗan gwaggonsa ne, wato taubasai suke, ɗan mace da ɗan namiji, irin waɗanda aka halatta wa zagin juna a gaban kowa ba mai cewa uffan. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Shitu dillali ne a kasuwar dabbobi, bakinsa zai iya sayar maka da akuyarka kana riƙe da igiyarta. Ba ya kiran Bature da sunansa sai “bawana”, shi kuma Bature ya ce masa “ɓarawon kasuwa”. Shitu ya sha ɗauke masa hula a taron suna, ya sha ɓoye masa takalmi a ƙofar masallaci, Bature ya dawo gida ƙafa a ƙasa yana dariya. Shekarar da Shitu ya karye a ƙafa, Bature ne ya nome masa gonarsa tun daga shuka har girbi, kullum in ya dawo sai ya leƙa ya ce, “Gurgu, an kwana?”

To a shekarun nan abubuwa sun sauya. Masu shanu ba sa nisa cikin daji kamar da, kowa ya jawo dabbobinsa kusa da gari ya ɗaure. Bature a kan babur ɗinsa yana kallo. Da kaka sai ya ga ana zubar da ƙaiƙayin waken suya, ana cinna wa kara wuta, harawa kuwa ko a kyauta wani ba ya tsayawa ɗauka. Bazara na shigowa sai ya ga mutanen nan dai suna yawo da buhu suna roƙon abin da za su ba raguna. Tunani ya shiga kansa: a tara da kaka, a niƙa a inji, a gauraya da dusa, a sayar kafin Babbar Salla. Tunanin ya zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai, bai gaya wa kowa ba.

Ana cikin damina sai wata ƙungiya ta kira manoma taron bita a Funtua kan yadda ake tsara sana'a. Bature ya je, aka ba su shinkafa a 'yar roba da lemo, ya dawo da kai cike. Ranar ina ɓangarensu na gidanmu ina taya Maijidda tsince wake, ya shigo ya zauna a kan turmi.

Na ce, “Mijin nawa, me aka kawo mini daga birni?”

Ya ce, “Ilimi, tsohuwa.”

“To zuba mini a kwano in ci.”

Bai kula ni ba. A nan ya fasa mana ƙwan da yake kwance a kai, ya kuma ce malamin bitar, wani Malam Talha, ya nuna musu cewa kafin mutum ya tsara tafiyar sana'arsa sai ya fara zaɓar yadda zai yi tsarin. Akwai mai bin shekarar noma, ya ce da kaka zan yi kaza, da rani kaza, yadda dai iyayenmu suka saba. Akwai mai farawa da kaɗan, ya gwada, ya ga inda ya yi kuskure, ya gyara, ya ƙara. Sannan akwai hanyar da ta sace zuciyar Bature: ka tafi can ƙarshe da tunaninka, ka tsaya a ranar da komai ya kammala, ka dubi abin da kyau, sai ka juyo ka riƙa tambayar kanka, kafin wannan me ya faru? Kafin shi kuma fa? Har ka iso ranar yau.

Na ce, “Wato ka fara da raɗin suna, ka dawo neman aure.”

“Ke dai ba kya jin magana ba ki ɓata ta ba.”

Maijidda ba ta ɗago daga faifanta ba ta ce, “Baban Kausar, ni ta biyun nan ta fi kwanta mini. Ga ɗakin baya can ba kowa sai kaji. Ka cika shi da harawa bana, ka ja bakinka ka yi shiru, mu ga abin da bazara za ta ce.”

Ya girgiza kai. Ya ce in ya fara da kaɗan mutane za su gani su kwaikwaya tun bai yi ƙarfi ba. Gara ya gama tsarinsa tsaf, ya fito gaba ɗaya rana guda, kafin kowa ya farga ya yi nisa. Mutumin da ba ya sayen gishiri sai ya san ƙarshen tafiya, wa zai raba shi da hanyar da ta fara daga ƙarshe? Da ma don shi aka yi ta.

Sai dai hanyar tana da sharaɗi, kuma Malam Talha bai ɓoye musu ba. Ya ce mai hango ƙarshe yakan kamu da son hoton da ya zana wa kansa, har ya daina ganin ramukan da ke hanya. Don haka lallai ya nemi mutum ɗaya wanda ba ya jin kunyarsa, ya shimfiɗa masa tsarin, ya bar shi ya yi masa kaca-kaca. Duk inda ya fashe sai a ɗinke.

Bature ya shiga laluben wanda ba ya jin kunyarsa a Maska. In ya kai wa abokan babansa za su ce Allah ya sa albarka. In ya kai wa liman zai yi masa addu'a ya shafa. Maijidda ta riga ta faɗi nata ta koma ga wakenta.

Na ce, “Ga ni. Ni kunyar wa nake ji?”

Ya ce, “Ke tsohuwa ba ki san inji ba, ba ki san kasuwa ba, zagin kawai kika iya.”

A duk garin mutum ɗaya ne al'ada ta cire wa kunyar Bature tun ranar da aka haife shi. Kun san shi.

Haka aka shiga zaman zaure bayan la'asar, damina tana tafiya, su biyu a kan tabarma da dafaffiyar gyaɗa a tsakani. Katanga ɗaya ce tsakanin zauren da ɗakina, kuma Shitu bai san magana a hankali ba. Bature ya fara daga ranarsa ta ƙarshe: saura 'yan kwanaki Salla, masu raguna sun yi layi, inji yana ƙugi, buhuna a jere.

“A ina aka jera su, kai bawa? A ɗakin ƙasa? Ai gara ce za ta riga ka yin Salla.”

Bature ya kwana yana juyi, washegari ya zo da amsa. Akwai tsohon siton auduga na Alhaji Aƙilu a bakin hanya, daɓen siminti, rufin kwano, tun da awon auduga ya ja baya yake rufe. Alhaji Aƙilu tsoho ne mai wuyar sha'ani, mutane da dama sun nemi wurin ya hana, ya ce ba ya ba wanda bai yarda da halinsa ba.

“To ka sami sito. Harawar fa, daga sama za ta sauko maka?”

Bature ya lissafo masa manoman da ke shuka wake da yawa ba su da dabbobi, ƙauye-ƙauye, har da wanda sai an bi ta hannun matarsa.

“Injin kuma da haƙoranka za ka niƙa?”

Ya gaya masa makanikin da ke Funtua wanda yake da tsohon inji mai lafiya a ajiye. Ya gaya masa rugagen da za su saya, da awon da zai yi na dusa da harawa don rago ya yi ƙiba bai yi zawo ba. Kullum Shitu ya zo da sabon ba'a, kullum Bature ya tafi ya toshe ramin ya dawo. Wani lokaci dariyarsu har ta tayar mini da kaji. Kafin masara ta bushe tsarin nan ya zama ba inda za ka sa allura ta shiga. Bature har ƙiba ya yi. Ya ce da ni, “Kin gani, tsohuwa? Ɓarawon nan ya fi malamin bita amfani.”

Da ya bi tsarin baya-baya, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne neman siton. Ya so ya tafi tun lokacin. Shitu ya ce, “Haka za ka je wa tsohon nan hannu na dukan cinya? Zai ɗauka ka matsu, ya ja maka rai. Bari ka yi girbi, ka ɗora buhun sabuwar masara a gaba, ka shiga da mutuncinka.” Bature ya auna maganar ya ga ta yi ma'ana, ya gyara tsarinsa ya matsar da ranar.

Da aka yi girbi ya sa rigarsa ta Salla, ya kafa hula, ya ɗaure buhu a bayan babur, ga goro a leda. Ya wuce ni a ƙofar gida na ce, “Wace ce za a yi mini kishiya da ita, ango?” Ya ce in ya dawo zan ji. Na kuwa ji, amma ba daga bakinsa ba. Maijidda ce ta gaya mini wani, garin ya gaya mini sauran.

Alhaji Aƙilu ya karɓe shi hannu bibbiyu a zaurensa. Bayan gaisuwa Bature ya fara shimfiɗa magana, tsohon ya ɗaga hannu.

“Ai na riga na ba ka, ɗana. Ɗan'uwanka Shitu ya zo tun watan jiya da saƙonka, ya ce aikin gona ne ya riƙe ka. Ya yi mini bayani tiryan-tiryan, tun daga harawa har inji. Na ce wannan tunanin Bature ne, ba wanda zai tsara abu haka sai shi. Don kai na ba da makullin. In da don Shitu ne, ko ƙofar akurki ba zan ba shi ba.”

A nan ne ya kamata Bature ya buɗe baki ya ce ban aiki kowa ba. Kalma huɗu ce ko biyar, da tsohon ya aika an karɓo makullinsa kafin azahar. Amma ta yaya zai zauna a zauren dattijo, baƙo, ya ce ɗan gwaggonsa maƙaryaci ne? Gwaggon da ta goya shi? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Haka ne, Alhaji. Godiya na zo yi.” Ya sauke buhun masara, ya ajiye goro, aka sa masa albarka. Da bakinsa ya ɗaure wa Shitu ƙaryarsa, har ya biya tukuici.

Daga can ya wuce siton. An share gabansa fes, an sa sabon kwaɗo, amalanken shanu tana sauke harawa. Shitu na zaune a benci da 'yan kasuwarsu, yana hango shi ya miƙe.

“A'a, ga bawana ya iso! Ku ba shi tsintsiya. Kai, da rigar Salla za ka yi mini sharar?”

“Shitu, mene ne wannan?”

“Harawa ce. Ko ba ka gane ta ba sai an fara maka daga ƙarshe?”

Mutanen benci suka fashe da dariya.

“Da sunana ka karɓi makulli.”

“To da sunan wa zan karɓa? Nawa? Kai ma ka san ba ya sayen ko ashana. Haba bawa, kai da ka tsaya auna ƙasa har kaka ta zo wucewa. Taimakonka na yi, ina gwada maka ko abin naka yana aiki. Kuma abin taubashi ai na taubashi ne. Sauko ka sha ruwa.”

Aka sake dariya, domin duk wanda ke wurin ya san taubasai ne, ya ɗauka irin wasan da suka saba ne. Bature ya duba cikin siton. Har inda ya ce za a kafa inji, kusa da taga saboda ƙura, nan aka zuba sabon siminti. Ya juya babur ɗinsa.

Magana ta kai gaban manya, aka zauna a gidan kawunsu. Kowa ya yarda Shitu bai kyauta ba, kowa kuma ya ƙare maganarsa da cewa ba a fushi da taubashi, ba a kai shi ƙara, in aka fara haka zumunci ya lalace. Uwar Shitu ta yi kuka. Shitu ya ce shi fa bai ɗauki abin da zafi ba, in Bature yana so ya zo ya riƙa kula masa da inji, ba zai ƙi shi ba.

Na ce, “Hula ya saba ɗaukewa mu yi dariya. Takalmi ya saba ɓoyewa mu yi dariya. Wannan hula ce? Ku nuna mini kan da za a sa ta.”

Aka ce tsohuwa ta fara. Aka juya ga Bature, aka ce ya yi haƙuri. Ya ce ya yi. Aikin injin kuma ya gode.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsarin ya yi aiki, ɗaya bayan ɗaya, yadda mai shi ya tsara. Bazara ta zo, ciyawa ta ƙare, Salla ta matso. Masu raguna suka yi layi a bakin siton, inji yana ƙugi, buhuna a jere. Ranar da Bature ya zana a kansa ta zo ba abin da ya ragu, kuma ya gan ta da idonsa, domin shi ne yake ɗauko masu saye daga Funtua a babur, ya jira su a inuwa, ya ɗaure musu buhu ya mayar da su. Sai dai ƙibar nan ta zube, ya daina zama a zaure bayan la'asar.

Bayan Salla da wata guda aka shiga cika-ciki, lokacin da taubasai ke bin juna da tsokana ana neman kuɗin shara. Da hantsi sai ga Shitu cikin sabuwar shadda, tun daga bakin layi ake jin muryarsa.

“Ina bawan nan? Fito ka sallami ubangidanka!”

Ina zaune a ƙofa. Bature ya fito daga cikin gida a natse, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa har ƙasa.

“Ranka ya daɗe, Malam Shitu, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya iyali? Ya kasuwa?”

Shitu ya ƙyalƙyale da dariya. “Yau kuma sabon salo? Madalla, bawa ya san matsayinsa.”

Bature bai yi murmushi ba. Ya shiga ya ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake shimfiɗa wa surukai, ya shimfiɗa. Maijidda ta aiko da ruwa a kwanon sha an rufe da faifai. Bature ya koma gefe ya zauna a ƙasa, ya ce, “Bismilla, ranka ya daɗe.”

Shitu ya dube ni, na dubi sama. Sai ya miƙa hannu ya fizge hular Bature, ya ɗaga ta yana jiran a biyo shi a ce ɓarawon kasuwa.

Bature ya ce, “In Malam yana sonta, sai a kai masa gida.”

Shitu ya tsaya da hula a hannu kamar wanda aka ba jaririn wani. Ya juya ta, ya sake juya ta, ya ajiye ta a kan tabarma a hankali. Bai sha ruwan ba. Bature ya raka shi har bakin layi, yana bayansa, ya ce a gaida gida.

Tun daga ranar haka suke. A masallaci, a jana'iza, a gidan suna, Bature ne farkon mai gaida Shitu, da ladabin da ko hakimi sai haka. Manya ba su da abin cewa, don ba wanda ya taɓa kai ƙarar mutum saboda ya cika gaisuwa. Ai sun ce kada ya yi fushi, bai kuwa yi ba.

Kwanan baya Shitu ya zo ɗakina da ledar goro, ya zauna yana murza hula. Ya ce, “Inna, don Allah ki yi masa magana. Ko sau ɗaya ya zage ni.”

Na karɓi goron, don ba shi ya yi laifin ba. Na ce, “Ni ka ga ina da wannan ikon? Bana ya kori kaji daga ɗakin baya ya sa kwaɗo. Na tambaye shi abin da ke ciki, ni da nake matarsa tun yana cikin tsumma, ya dube ni ya ce kaji ne. Ka taɓa jin kaji suna ƙanshin harawa? Ni ma ka ja mini. Tashi ka tafi, kada ya shigo ya same ka ya ɓata gwiwar wandonsa.”